Me Ya Hana 'Ya'yanki Cin Ganye?

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu wanda kusan kowace uwa ta gamu da shi, ko da ya ke ba kowace ce ta zauna ta bi diddiginsa ba.

Sau nawa kika ɓata hantsi kina tsinkar zogale, kika dafa, kika daka ƙuli-ƙuli, kika yanka albasa da tumatir, kika kwaɗanta, sa'an nan budurwar 'yarki ta leƙa kwanon ta yamutsa fuska ta ce ta ƙoshi? Sau nawa saurayin ɗanki ya cinye tuwonsa kusan gaya, ya bar miki kabewa da alayyahu a gefen kwano, an jima kaɗan aka ce an gan shi a bakin titi yana cin fanke yana korawa da lemon kwalba?

In aka tambaye mu dalili, amsarmu ba ta wuce biyu. Ko mu ce 'ya'yan zamani ne, ba su san daɗin abincin iyayensu ba, ko kuwa mu ce tsadar kayan miya ce ta sa ba su saba ba. Dukansu akwai gaskiya a ciki. Amma akwai dalili na uku wanda ba mu cika dubawa ba, domin ya yi kusa da mu ƙwarai, watau irin zaman da a ke yi a cikin gidan. Ana sakin fuska ko ana ɗaure ta? Yaro yana zama gaban kwano da kwanciyar rai, ko yana ci yana sauraron ta inda tsawa za ta ɓullo?

Ni yarinya ce, da yawa cikinku kun haife ni, shekarata uku kacal da fitowa daga kwalejin horon malamai. Saboda haka in na faɗi abin da ya sosa ran wata, ta yi mini gafara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

A shekarar da na fara koyarwa akwai wata yarinya a ajina, 'yar shekara 14, mai ƙoƙari da natsuwa. Sannu a hankali sai na ga ta fara gyangyaɗi a aji, aikinta ya ja baya, in ta hau 'yar matakalar aji sai ta tsaya tana haki. Wata rana da safe muna tsaye a layi jiri ya ɗebe ta ta faɗi. Da aka kai ta asibiti aka auna, sai aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta magani, aka ce ta dinga cin ganye da 'ya'yan itatuwa da hanta.

Na ɗauka talauci ne. Na nemi izini na tafi gidansu, har na ƙulla 'yan kuɗi a bakin mayafi ko za a bukata. Da na yi sallama na shiga, abin da na fara gani a tsakar gida shi ne bishiyar zogale ta yi shar, ga gwanda guda biyu a bayan madafi sun yi 'ya'ya har suna rinjaya. Ashe ma mahaifinta mai lambu ne, kullum da yamma ya kan dawo da tumatir da karas da kabeji. Na ji kunyar kuɗin da na ƙullo.

Sai daga baya, bayan mun saba, yarinyar ta buɗe mini cikinta. Mahaifiyarta da abokiyar zamanta sun yi wata da watanni ba sa ga maciji da juna. Ranar girkin kishiyar uwa ba ta iya cin abincin, domin tana tsoron kada uwarta ta ga kamar ta bi bayan wata. Ranar girkin uwarta kuwa, uwar tana cike da haushi, ta dafa abin da ya sawwaƙa ta dangwarar, sa'an nan ta sauke haushin a kan wanda ya fi kusa. Ta ce mini, “Malama, da na wanke hannu sai a fara lissafa mini laifuffukana tun na safe. Sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.” Saboda haka abincinta ya koma shayi da burodi da safe, awara da alewa a makaranta, da dare kuma ta kwanta haka nan. Zogale yana tsakar gidansu, amma ta fi wata uku bai shiga bakinta ba.

Tun daga ran nan na daina saurin cewa yarinya mai tsirfa ce don ta ƙi ganye. Ruwa ba ya tsami banza.

NAWA NE JIKI KE BUKATA?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san girman abin da a ke asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda ya kai shekara 10 ya kamata ya ci ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 kowace rana. A kan raba wannan kashi biyar, kowane kashi giram 80. Kashi ɗaya shi ne misalin lemo ɗaya matsakaici, ko ayaba ɗaya, ko dafaffen ganye babban cokali uku ko huɗu a cike. Ku lura, dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi, domin su 'yan'uwan tuwo ne. Miyar kuka kuwa tana da amfani, amma garin da a ke kaɗawa a tukunyar gida guda ɗan kaɗan ne, ba zai cika wa kowa kasonsa ba.

Shekarun tasowa su ne lokacin da jiki ya fi saurin girma in an ɗebe jarirantaka. Ƙashi yana tsawo, jini yana ƙaruwa, yarinya kuma ta fara al'ada, tana rasa jini kowane wata. Jiki yana gina jini da sinadarin ƙarfe, wanda a ke samu a nama da hanta da wake da koren ganye. Amma wanda ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki sosai sai ya sami mataimaki, mataimakin nan kuwa shi ne bitamin C, wanda ya cika a gwaiba da lemo da ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka. Shayi kuma aikinsa kishiyar wannan ne, in an sha shi tare da abinci ya kan rage abin da jiki zai ɗauka. Karas da kabewa da mangwaro da gwanda da koren ganye su ke ba jiki abin da ya ke yin bitamin A da shi, mai tsare ido da taimakon jiki wajen yaƙi da cuta. Ɓawo da zaren da ke cikinsu duka su ke sa ciki ya tafi daidai.

Ke nan yarinyar da ta bar ganye tana 'yar shekara 14, ba sha'anin ɗanɗano kaɗai ba ne. Karatunta zai taɓu yau, in kuma ta shiga ɗakin miji da ƙarancin jini, ranar ciki da haihuwa abin zai tarar da ita.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada ku ce labarin yarinya ɗaya ne na ɗauka na yi wa duniya hukunci. Masana sun daɗe suna bin wannan al'amari, galibinsu a Amurka da Turai.

A shekarar 1996 wata malamar Jami'ar Minesota ta Amurka, Dianne Neumark-Sztainer, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa 'yan makaranta matasa fiye da 36,000. Suna neman su san waɗanne yara ne ba sa cin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu yadda ya kamata. Suka tarar 'ya'yan talakawa sun fi shiga wannan hali, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Amma suka tarar da wani abu kuma: yaran da suka ce ba su da shaƙuwa da mutanen gidansu, ba sa jin an damu da su ko ana fahimtarsu, su ma suna cikin waɗanda suka fi ƙarancin ci.

Daga 1998 zuwa 1999 malamar nan ta sake wani bincike a makarantu 31, a kan yara 4,746. A nan aka ga cewa yaran da suka fi yawan cin abinci tare da iyalinsu sun fi cin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, sun kuma fi ƙarancin shan lemon kwalba. Aka ga kuma abu biyu ne suka fi ƙarfi wajen sa matashi ya ci: samuwar abin a gida, da son ɗanɗanonsa. In babu shi a gida, son da yaro ke yi masa ba ya amfana kome. In kuwa akwai shi a gida kullum, har wanda bai cika so ba ya kan ƙara ci. Bayan shekara biyar aka koma wa yaran nan, aka tarar waɗanda suka saba cin abinci da iyali suna matasa, sun fi riƙe cin ganye da 'ya'yan itatuwa bayan sun girma.

A shekarar 2000 wani likita na Jami'ar Harvard, Matthew Gillman, ya ba da labarin yara fiye da 16,000 'yan shekara 9 zuwa 14. Waɗanda ke cin abincin dare da iyalinsu kullum sun fi waɗanda ba su cika yi ba da kusan kashi ɗaya cikin kashi biyar ɗin nan da muka ambata, kowace rana.

Wata za ta ce, to, wannan ai zama tare ne, ina maganar fara'a? Ga ta. A ƙasar Holan, a shekarar 2003, Stef Kremers da abokan aikinsa suka duba matasa fiye da 600, suka kasa iyayensu gida huɗu bisa ga yadda su ke riƙon 'ya'ya. Akwai masu jan yaro a jiki tare da kafa masa doka. Akwai masu doka da tsanani ba tare da sakin fuska ba. Akwai masu shagwaɓawa, so kawai babu doka. Akwai kuma 'yan ko-in-kula, babu so a fili babu doka. 'Ya'yan kashi na farko su suka fi kowa cin 'ya'yan itatuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, 'ya'yan masu shagwaɓawa sun fi 'ya'yan masu tsanani ci. Watau doka ita kaɗai, in babu sakin fuska, ba ta kai ko shagwaɓa amfani a wajen kwano ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa ita ce, irin wannan bincike yana nuna abubuwan nan biyu suna tafiya tare ne, kamar hadari da iska. Sau da yawa rashin kuɗi shi ke haifar da faɗan gida, shi ne kuma ke hana cefane. Amma gidan ɗalibata ya nuna mini cefane yana iya cika kwando, yaro ya kwana bai ci ba.

TA INA FUSHI KE SHIGA KWANO?

Ƙofa ta farko ita ce madafi. Ganye abinci ne mai son haƙuri. Kafin kwaɗon rama ko miyar taushe ko dambun zogale su sauka, sai an tsinka, an wanke, an yanka, an daka. Matar da ta kwana da ɓacin rai ba ta da zuciyar wannan aiki. Za ta jiƙa garin kwaki, ko ta dafa taliyar leda, ko ta miƙa wa yara kuɗi ta ce su sayi abin da su ke so. Ba mugunta ba ce, gajiyar zuciya ce. Amma ku lura, tuwo da shinkafa ba sa ɓacewa daga gidan da a ke faɗa, ganye da 'ya'yan itatuwa su ke fara ɓacewa.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙafar yaro. Ƙaramin yaro dole ya zauna inda aka ajiye shi, amma saurayi da budurwa suna da ƙafa, wani lokaci har da 'yan kuɗi a aljihu. In lokacin abinci ya zama lokacin shari'a, sai su guje masa. Abin da ke jiransu a waje kuwa mun san shi: fanke, cincin, soyayyen abu, alewa da lemon kwalba. Ko mai tallar mangwaro tana kusa, mai ɓacin rai ya fi miƙa hannu wajen zaƙi da maiƙo.

Wannan ya kawo mu ƙofa ta uku, watau jikin kansa. In mutum ya firgita ko ya fusata, jiki ya kan saki wani sinadari da ke sa zuciya bugawa da sauri, ya busar da yawu, ya tsai da aikin ciki. Abin da ya tokare wa ɗalibata maƙogwaro ke nan, ba ƙarya ta yi ba. In kuma damuwa ta daɗe, mutane da yawa su kan sami kansu suna kwaɗayin kayan zaƙi da na mai, domin su ke ɗan kwantar da rai na ɗan lokaci. Ganye mai ɗaci-ɗaci kamar zogale ko tafasa, sai rai a kwance a ke jin daɗinsa.

Ƙofa ta huɗu ita ce tilas. A shekarar 2006 wata masaniya a Amurka, Leann Birch, da abokan aikinta suka gwada wannan a kan ƙananan yara. Aka riƙa ba su romo iri biyu, ɗaya ana ta ce musu su shanye, ɗaya kuma a ƙyale su. Da tafiya ta yi tafiya, yaran sun fi shan wanda ba a matsa musu a kansa ba, wanda aka matsa musu kuwa shi suka fi kushewa. In haka ta faru ga ɗan shekara huɗu, ina ga ɗan shekara goma sha biyar, wanda ke ganin shi ma ya zama mutum? A wurinsa ture kwano wata hanya ce ta magana. Ba shi da ikon mai da wa uwa ko uba magana, amma yana da iko da bakinsa. Dukanmu mun san yaron da ya yi fushi ya ƙi tuwo. Wanda ba mu cika lura da shi ba, shi ne mai ƙaramin fushi na kullum, wanda zai ci tuwon don yunwa, ya bar ganyen da aka fi matsa masa a kai.

Ƙofa ta biyar ita ce koyi. Yaro yana kwaikwayon wanda ya ke so. In yarinya tana jin daɗin zama kusa da ke, ta ga kina cin yalo kina santi, hannunta zai kai. In kuwa gudunki ta ke yi, ko ta ga kina ci ba zai shige ta ba.

MU DA BA MU CIN ABINCI A TEBUR FA?

Na san wata za ta ce, Malama, waɗannan Turawa ne masu zama a tebur, miji da mata da 'ya'ya. Mu a nan maigida yana ci a zaure ko a turakarsa, samari da kwanonsu, 'yan mata da nasu. Haka ne, ban kuwa ce a sayi tebur ba. A shekarar 2014 wata masaniyar a Minesota, Jerica Berge, ta sa aka ɗauki hoton bidiyo na gidaje 120 suna cin abinci har kwana takwas. Ta ga zaman ma gajere ne, galibi bai kai minti 20 ba. Abin da ya bambanta gidajen shi ne yadda a ke magana da juna a wajen, kuma yaran gidajen da a ke raha sun fi tsira daga ƙiba mai yawa. Raha kuwa ba ta bukatar tebur, tabarma ta ishe ta. Tun kafin a haifi masanan nan Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Mu ma muna da shaida a gidajenmu. Ku tuna da watan azumi. Yaron da ya shekara bai taɓa gwanda ba, sai ki gan shi wajen buɗa baki yana wawar kankana da lemo. Yunwa da ƙishirwa suna ciki, babu shakka. Amma ku duba kuma, lokacin ne a ke yanka 'ya'yan itatuwa a jera a faranti, kowa ya hallara a sa'a ɗaya, ba mai yi wa wani faɗa.

Ku tuna kuma da ɗakin kaka. Me ya sa jika ke cinye kwaɗon tsohuwa har ya sha romon, alhali ya ƙi na uwarsa, ga shi kuwa na uwar ya fi mai da ƙuli? Domin a ɗakin kaka wasa a ke yi. Ta kira yarinya kishiyarta, ta kira yaro maigidanta, a yi ta zolaya ana dariya har kwano ya ƙare.

Akwai wurare uku da na ke roƙon mu sa ido. Na farko ɗan fari. Al'adarmu ta kunya ta hana uwa ta kira sunansa ko ta ja shi a jiki a gaban mutane. Ban ce a yar da kunya ba, ado ce. Amma kunya daban, ɗaure fuska daban. Kina iya yanka gwanda ki tura mata ba tare da kin ce uffan ba, za ta gane. Na biyu 'yar riƙo da agola da maraya. Su ne su kan ci daga ƙarshe, a tsaye, a bakin madafi, su ne kuma mangwaro ba ya kaiwa kansu in an raba. Na uku gidan da ke da mata fiye da ɗaya. 'Yar'uwa, abin da ke tsakaninki da abokiyar zamanki naku ne ku biyu. Kada ki sa 'yarki ta zaɓa tsakanin cikinta da biyayya gare ki.

In kuma maigida yana kusa, ki karanta masa wannan wuri. Ba uwa kaɗai ke yin iskar gida ba. Uban da in ya yi gyaran murya a ƙofa kowa ya shiga taitayinsa, ko ya shigo da buhun lemo ba a sha da daɗi. Wanda zai zauna minti goma ya ɓare lemon da hannunsa ya miƙa wa kowa, ya tambayi labarin makaranta, ya yi abin da kuɗinsa ba su yi ba.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA IYA YI

Na farko, ki raba faɗa da abinci. Ban ce kada ki yi wa 'ya'yanki faɗa ba, ai mun ga gidan da ya fi shi ne mai so tare da doka. Amma in an ajiye kwano a ajiye shari'a, sai an wanke hannu an huta.

Na biyu, ki zauna tare da su ko sau ɗaya a yini, ki ci abin da ki ke so su ci. Kashe talabijin, a ajiye waya.

Na uku, ki ajiye abin a inda ido zai gan shi. Gwaiba wankakkiya a faranti, karas a kankare, kankana a yanke a rufe. Ki bi lokaci don sauƙin kuɗi: mangwaro da bazara, rama da tafasa da yakuwa da damina, karas da kabeji da latas da tumatir lokacin sanyi sa'ad da kayan noman rani suka cika kasuwa. Kada ki raina na daji, irin su magarya da kanya da ɗinya da goruba.

Na huɗu, ki ba su zaɓi cikin abu biyu masu kyau. “Yau kwaɗon zogale za mu yi ko faten tsaki da yakuwa?” Ki ba budurwa ranar da ita ce mai miya, ki aiki saurayi ya zaɓo kayan lambu. Wuya ne mutum ya kushe abin da ya fito daga hannunsa. In miyar ta yi gishiri, ki yabi abin da ya yi kyau tukuna.

Na biyar, in an ƙi, kada ki yi zuciya, kada ki yi gori. Harshe yana sabo. Sau da yawa sai an ɗanɗana abu sau goma ko fiye kafin a so shi. Ki sake kawowa wani mako ta wata siga.

Na shida, ki kula da dahuwa. Ki wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin ki yanka. Kada ki bar shi a wuta har ya yi baƙi, ki kuma rage kanwa, domin tana kashe wasu bitamin. Ɗan man gyaɗa ko manja yana taimakon jiki ya ɗauki amfanin karas da kabewa da ganye.

In kuwa kin ga yarinya ta ɗashe, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, tana yawan jiri da kasala, ko tana rama tana ɓoye abinci, to, wannan ya wuce madafi. A kai ta asibiti.

KU KUMA 'YAN MAKARANTA

Ƙanwata, in gidanku ne na kwatanta, ki sani faɗan manya ba laifinki ba ne, ba kuma ke za ki raba shi da yunwa ba. In kin ƙi abinci don haushi, jininki ne zai ragu, jarrabawarki ce za ta taɓu. Cikin kuɗin tara da a ke ba ki, ki sayi gwaiba ko lemo ko yalo ko da sau uku a mako. Ki nemi wata babba da ki ke sakewa da ita, kaka ko gwaggo ko malamarki, ki faɗa mata abin da ke ranki. Ki kuma tausaya wa mahaifiyarki. Wata rana ki karɓi tsinkar ganyen ba tare da an sa ki ba, ki zauna kusa da ita. Sau da yawa hirar da ta gagara a ɗaki, a kan tiren zogale ta ke samuwa.

Za ku so ku ji ƙarshen labarin ɗalibata. Ban iya sasanta matan nan biyu ba, wannan ya fi ƙarfin yarinya kamata. Abin da na yi shi ne na je na durƙusa gaban kakarta ta wajen uba, na ce, “Iya, alfarma na zo nema. Ki bar jikarki ta riƙa cin abinci a ɗakinki.” Tsohuwa ta yi dariya ta ce, “Kishiyar tawa? Ta zo, in dai ba za ta ƙwace mini miji ba.” Ita ce kuma ta kira surukanta ta ce daga yau kowa ta yi girki a zuba na yarinyar a kwanonta, kada ta sake jin an ɗaga murya ana cin abinci. Yarinyar ta shanye maganinta na asibiti, ta koma cin zogale da gwandar gidansu. Kafin ƙarshen shekara ta daina gyangyaɗi a aji. Ko kwabo ba a ƙara a kuɗin cefanen gidan ba.

Yau da dare, in kin sauke tukunya, kafin ki duba ko gishiri ya ji, ki duba fuskokin da ke jiran kwanon, ki duba taki. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malama